Fenti ko folish: wanne ya dace da ƙofofin cikin gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina gab da kammala gini a Kano, ɗaki huɗu da falo. Saura ƙofofin ciki guda tara da firam ɗinsu, da siraran katakon da ake rufe gefen firam da su. Kafinta ya ce a yi musu folish mai launin mahogani, mai fenti kuma ya ce a shafe su da farin fenti su dace da bango. Uwargida ta fi son folish. Wanne ya fi ƙarko, wanne ya fi sauƙin kuɗi, kuma me ya kamata in sa wa ido lokacin aikin?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya sanya albarka, ya sa a shiga a sa'a.

Malam, kafin ka raba gardamar kafinta da mai fenti, je ka tsaya gaban ƙyauren ka dubi katakonsa, domin shi ne zai yanke hukunci. Fenti rufa-asiri ne: yana kwanciya a kan katako ya ɓoye launinsa da zanensa da duk wani tabo ko ciko. Folish kuwa tonon asiri ne. Duk abin da ke jikin katakon, mai kyau da marar kyau, zai fito da shi fili, har ya ƙara masa ƙarfi. Saboda haka katako mai kyau, wanda ya bushe, kuma iri ɗaya ne daga sama har ƙasa, shi ya cancanci folish. Wanda aka harhaɗa daga ragowar falankai, ko aka cike ramukansa da gam da garin katako, fenti ne gatansa. Ƙofofin ciki da yawa a gidajenmu suna cikin kashi na biyun ne, kuma babu abin kunya a ciki.

Akwai ruɗani a kalmar folish da ya kamata a warware. Abu biyu ne ake haɗawa da suna ɗaya. Na farko shi ne rinin katako, wanda masu sana'ar ke kira siten ko kala: ruwa ne mai launi da ke shiga jikin katako ya sauya kamanninsa, amma ba ya kare shi daga ruwa ko datti ko kaɗan. Na biyu shi ne abin da ake shafawa ko fesawa a sama, wato banish ko folish mai tina (ruwan sinadarin da ake tsinka shafi da shi), wanda ke bushewa ya zama fata mai ɗaukar ido. Wannan na biyun shi ne kariya. Idan ma'aikaci ya shafa kala ya bi da hannu ɗaya na sama ya ce ya gama, launi ka saya, ba ƙarko ba.

Yanzu ga yadda za ka gane abin da ke hannunka. Ƙwanƙwasa tsakiyar ƙyauren da bayan yatsa. Idan ya yi amo kamar ganga, kuma fuskarsa shafe take babu sassaƙa, to fulosh ce: firam siriri a ciki, an manna filawud ko allon garin katako gaba da baya. Fatar saman irin wannan filawud ba ta cika wuce rabin milimita ba. Idan fatar tana da zane mai kyau kuma babu inda ta ɓare, tana karɓar folish, da sharaɗin a goge ta da hannu da sanfefa mai laushi lamba 180 kawai (lamba mafi girma ta fi laushi), a hankali. Injin guga ko sanfefa mai kaushi yana cinye fatar nan cikin daƙiƙu, sai ka ga wani farin fili ya bayyana a tsakiyar ƙofa, wanda babu kalar da za ta daidaita shi da sauran. Idan kuwa saman allon garin katako ne zalla, ba shi da zanen da za a nuna, fenti kawai ya dace da shi. Akwai kuma ƙofofin da ke zuwa daga kamfani da rufin roba mai hoton katako. Waɗannan ba sa shan kala, banish ma ba ya kama su da kyau. A bar su yadda suka zo.

Idan katako ne tsantsa, sai a tambayi wane iri. Jan katako irin mahogani, wanda danginsa ne maɗacinmu, da iroko da tik da mansoniya da ƙawo, su ne masu zanen da ya isa a yi alfahari da shi. Farin katako kuwa, irin obeche da afara da malaina, yana da sauƙin kuɗi da sauƙin aiki, amma bai iya shan kala ba. Wani wuri ya sha da yawa ya yi baƙi, wani wuri ya ƙi sha ya yi fari, ƙofa ta fito dabbare-dabbare. Abin da wasu ke yi shi ne su lafta kala mai duhu har sai ta rufe komai, a ce mahogani ne. A lokacin an rasa zanen katakon, ba a kuma samu ƙarkon fenti ba. Wannan ita ce asarar da na fi so ka kauce wa.

Gwajin da zai nuna maka gaskiya ba ya cin ko sisi. Ka goge wani ɗan wuri a bayan ƙyauren da sanfefa, ka jiƙa tsumma da tina ka shafa a kai. Muddin wurin yana jiƙe, abin da idonka ke gani shi ne kusan yadda katakon zai kasance a ƙarƙashin banish. Za ka ga ko sandunan gefe da na tsakiya launinsu ɗaya, za ka ga farin ɓangaren da ke kusa da ɓawon bishiya, za ka kuma ga shatin yatsun kafinta inda ya taɓa da gam a hannunsa, don wurin zai tsaya fari fat alhali kewayensa ya yi duhu. A kira uwargida a yi gwajin a gabanta. Idan abin ya burge ku, a yi folish. Idan kun ga launi uku a ƙyaure ɗaya, kun sami amsa.

Abin da ya fi ɓata aikin katako a Arewa ba fenti ba ne, ba kuma folish ba. Ɗanyen katako ne. Yawancin katakon da ke kasuwanninmu, irin 'Yan Katako ta Na'ibawa, daga dazuzzukan Kudu ake kawo shi, inda iska ke da laima kusan duk shekara. A Kano kuwa laimar iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari a tsakiyar hunturu, ta haura kashi 70 a watan Agusta. Katako yana bin iskar da yake ciki: ruwan jikinsa kan koma wajen kashi 5 cikin ɗari a hunturu, ya hau zuwa 13 ko fiye a damina. Ba ya raguwa a tsawo sai a faɗi. Allo mai faɗin santimita 30 yana iya motsawa milimita 3 zuwa 5 tsakanin Agusta da Janairu, ko da ya bushe tun farko. In ɗanye ne aka yi aikin da shi, abin ya fi haka nesa, ga kuma murɗewa da tsagewa.

Wannan motsi yana shafar zaɓinka kai tsaye. A ƙofa mai allunan tsakiya da aka zura cikin tsagi, allon yana tsukewa a hunturu, sai wani siririn layi na tsiraicin katako ya leƙo a gefensa, inda shafi bai kai ba. A kan farin fenti layin yana fitowa ja ko ruwan ƙasa, ana hango shi tun daga bakin falo, kuma fentin kan tsage a mahaɗar sanduna kamar an ja zare. A kan folish ma layin yana fitowa, sai dai bai cika damun ido ba, tunda launinsa na kusa da na sauran. Maganinsa guda ne ga duka biyun: a shafa wa gefunan allon kala ko fenti tun kafin a haɗa ƙyauren, kuma kada a manne allon da gam a cikin tsaginsa, a bar shi ya yi ta kai-komonsa. Idan an riga an haɗa, to a yi shafin a cikin rani lokacin da allon ya gama tsukewa. Fulosh ba ta da wannan matsala sosai, shi ya sa fenti ke daɗewa a kanta sumul.

Idan babu na'urar auna laimar katako, ga dabara. Karɓi guntun da aka yanke daga katakon ƙofofin, ka ajiye shi cikin ginin, ka riƙa auna shi a ƙaramin sikeli duk bayan kwana huɗu ko biyar kana rubuta nauyin a jikinsa. Muddin nauyi yana raguwa, katakon bai gama bushewa ba. In ya tsaya wuri ɗaya sau biyu a jere, a fara aiki. Ƙyauren da kansu a kwantar da su a inuwa, ɗaya kan ɗaya, da sanduna uku masu kauri ɗaya a tsakanin kowane biyu don iska ta ratsa. Jingina su da bango a rana shi ke sa su lanƙwashe.

Sai maganar ƙwari. Obeche da farin ɓangaren kusan kowane katako abincin ƙwaron nan ne mai huda ƙananan ramuka yana zubo da gari kamar fulawa a gindin ƙofa, ga kuma gara da ke hawowa ta bayan firam. A shafa maganin katako kafin komai, musamman a bayan firam da ƙafafunsa da za su shiga siminti. Amma a lura: maganin da ke da baƙin launi da maiƙo yana ratso farin fenti ya ɓata shi, don haka a ajiye shi ga ɓangaren da zai ɓuya cikin bango, fuskar da ake gani kuma a nemi marar launi, a bar shi ya bushe sarai. Baƙin man inji da wasu ke shafawa don korar gara, babu fenti ko banish da zai kama a kansa har abada.

Mu ɗauka ka zaɓi fenti. Ga yadda aikin kirki yake tafiya. A cire ƙyauren daga firam, a kwance makulli da mariƙi da hinji. A goge da sanfefa lamba 120, sannan 180, a ɗan kashe kaifin kusurwoyi, domin fenti yana guje wa kaifi ya bar shi da siririn rufi, kuma nan ne yake fara ɓarewa. A kakkaɓe ƙura, a shafa firaima ta katako, wato shafin farko da ke kama katako ya riƙe fenti, hannu ɗaya. Bayan ta bushe ne ake cike ramukan ƙusa da tsagu, ba kafin ba, saboda busasshen katako yana tsotse man da ke cikin ciko ya bar shi ya ruɓushe ya faɗo. A sake gogewa, a shafa andakot, wato fentin ƙasa da ake shimfiɗawa kafin na ƙarshe, a bi da sanfefa lamba 220 sama-sama, sannan fentin ƙarshe hannu biyu. Fentin mai yana buƙatar awa 16 zuwa 24 tsakanin hannu da hannu. Samansa kan bushe cikin 'yan awanni har ya yaudari mutum, alhali cikinsa da saura. In aka ɗora wani a kai da wuri sai ya yamutse kamar fatar tsohuwa, ko ya yi makonni yana danƙo.

Firaimar nan ita ce abin da aka fi tsallakewa, kuma ita ce ginshiƙi. Wasu kan shafa fentin bango mai ruwa a madadinta don ya fi arha. Yana rufe launi, amma bai da ƙarfin riƙe fentin mai a kan abin da ake buɗewa ana bugawa kullum, sai ka ga yana ɓantarewa a kusa da makulli. Idan jan katako za a shafa wa farin fenti, akwai ƙarin dalili: mahogani da iroko suna da launi a jikinsu da ke narkewa cikin ruwa, yana ratso fentin ruwa ya fito rawaya-rawaya ko ja-ja ko an yi hannu nawa. Firaima mai mai, ko mai garin alminiyam, ita ke tare shi.

Tsakanin fentin mai da fentin ruwa na katako, kowanne da halinsa. Na mai ya fi tauri da jure wanki, amma farinsa yana komawa ruwan madara da shekaru, musamman a wurin da haske bai isa ba, kamar bayan ƙofar sito. Na ruwa mai ɗan sheƙi, wanda aka yi don katako, ba ya rawaya, ba ya da wari sosai, yana bushewa da wuri, sai dai yana ɗaukar lokaci kafin ya yi tauri, kuma a zafinmu yana bushewa a bakin burushi kafin ya kwanta, ya bar shati. Fentin bango na yau da kullum kuwa bai dace da ƙofa ba sam. Wata biyu ya isa wurin mariƙi ya yi baƙi, in an goge kuma fentin ya biyo tsumma.

Abin sirkawa ma a sa masa ido. Fentin mai da tafentain ake sirka shi, kuma kaɗan, kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari. Kananzir yana jinkirta bushewa ya rage sheƙi. Fetur yana tashi da sauri ya bar fenti ba ƙyalli, ga haɗarin gobara a rufaffen ɗaki. Mai fentin da ya tsinka galan ɗaya ya zama ɗaya da rabi zai gama da wuri, amma abin da ya bari a ƙofar bai kai kaurin da zai kare ta ba.

In kuwa folish aka zaɓa, kashi mafi yawa na aikin guga ne. A katako tsantsa a fara da lamba 100 ko 120, a koma 150, a ƙare da 180 ko 220, kullum ana bin tsawon zanen katakon. Duk karcen da aka yi a gicciye ba a ganinsa a busasshen katako, amma da zarar kala ta hau sai ya fito baƙi kamar an zana shi da alƙalami. Kada a wuce 220 kafin kala, don katakon zai yi santsi ya ƙi sha. Duk inda gam ya taɓa a kankare shi tas. Ramukan ƙusa a cike su da ciko mai launin da ƙofar za ta koma a ƙarshe, domin cakuɗen gam da garin katako ba ya shan kala.

Kala ana shafa ta da tsumma ko burushi, a bar ta ta ɗan shiga, a goge rarar da busasshen tsumma. A zafin Maris da Afrilu minti biyu ko uku ya isa ta fara kamewa, don haka a riƙa yi yanki-yanki: allo ɗaya, a goge, sanda ɗaya, a goge. Inda aka tsaya a tsakiyar fili aka dawo, shatin haɗin zai zauna. Bakin katako, wato inda zarto ya yanke shi a gicciye, yana zuƙar kala kamar soso ya yi baƙi ƙirin. A fara shafa masa tsinkakkiyar sila, wato shafi marar launi da ke rage wa katako zuƙa, kafin kalar. Wannan dabara ce kuma ke rage dabbare-dabbare a farin katako idan dole sai an yi masa folish: sila tsararo hannu ɗaya a duk jiki, a goge sama-sama, sannan kala. Mahogani yana da ƙananan ramuka a jikinsa. Mai son fuska sumul kamar madubi sai an cike su da fila, wato ciko na musamman, in ba haka ba banish zai riƙa nutsewa ciki. Iroko da tik kuma suna da maiƙo na halitta da ke hana banish mai mai bushewa, sai a wanke fuskar da tina a bar ta ta sha iska dab da shafawa. Iroko sabon yanka rawaya ne, haske ke mayar da shi ruwan ƙasa cikin watanni, saboda haka kada a yi gaggawar duhunta shi da kala.

Abin sama iri biyu ne a kasuwa. Folish mai tina da ake fesawa shi masu kujeru suka fi sabawa da shi: yana bushewa cikin rabin awa, ana iya gama ƙofa a yini ɗaya, yana da kyau ranar da aka gama. Amma siriri ne, bai jure ruwa da zafi sosai ba, turare mai sinadari in ya fantsama yana narkar da shi, kuma in aka fesa shi ranar da hadari ya haɗo, laima tana shiga ya yi fari-fari kamar hazo. Banish na foliyuretan ya fi shi tauri da jure ruwa, shi na fi ba da shawara ga ƙofar gidan iyali. Hannu uku ake yi: na farko a ɗan tsinka shi ya shiga katako, a bi kowane hannu da sanfefa lamba 320 bayan ya bushe. Kada a girgiza gwangwanin, a juya shi da sanda, don kumfa yana bushewa a jikin ƙofa. Kuma kada a taɓa fesa mai tina a kan banish ko fentin mai. Tinar tana cin na ƙasan ya tattare ya tashi.

Ko wanne aka zaɓa, ƙyaure fuska shida gare shi: gaba, baya, gefe biyu, sama da ƙasa. Sama da ƙasan nan su ne bakin katako, su suka fi shan ruwa, kuma su ne ba wanda ke shafawa don ba a ganinsu. Ruwan mofa da ake wanke tayil da shi kullum ta ƙasan yake shiga, filawud ya fara buɗewa kamar shafukan littafi, allon garin katako ya kumbura ba ya komawa. Ranar karɓar aiki ka zura ƙaramin madubi ƙarƙashin ƙyauren, ka kuma shafa yatsa a samansa. In ka ji kaushin katako, aiki bai ƙare ba. Idan kafinta ya sake rage ƙofa da filen bayan an rataye ta, a sake shafe wurin a ranar. A bar tazarar kamar santimita ɗaya tsakanin ƙyaure da tayil, ta banɗaki ma ta ɗan fi haka.

Game da lissafi: ƙofa mai faɗin santimita 90 da tsawon mita 2.1, gaba da baya da gefuna, wajen murabba'in mita 4 ce. Firam da katakon gefensa su ƙara kamar 2. Lita ɗaya ta fentin mai ko banish tana rufe murabba'in mita 10 zuwa 12 a hannu ɗaya da burushi. Ke nan ƙofofinka tara da firam ɗinsu, murabba'in mita 54, suna cin kusan lita 5 a kowane hannu. Ga fenti: lita 5 ko 6 na firaima, tunda tsiraicin katako ya fi sha, lita 5 na andakot, lita 10 na fentin ƙarshe, wato galan biyu da rabi na mai lita 4. Ga folish: kala lita 4 zuwa 5, banish lita 14 zuwa 15 a hannu uku. In da feshi za a yi, a ƙara aƙalla kashi ɗaya cikin uku, don da yawa iska ke kwashewa. Duk wanda ya ce maka galan ɗaya zai gama ƙofa tara, ka san hannu ɗaya zai yi, ko kuma zai tsinka.

Za ka ga kuɗin kayan shafin ba su yi nisa da juna ba. Tsadar folish tana cikin katakon da ya cancance shi da kuma kwanakin guga. Don haka idan ƙofofin an riga an yi su da farin katako ko fulosh, fenti ya fi sauƙi kuma ya fi kyau. Idan an riga an kashe kuɗi a jan katako busasshe, rufe shi da fenti ɓarna ce.

Wajen zama da su yau da gobe, ƙurar hunturu fara ce, tana fitowa sosai a kan duhun folish mai ƙyalli, har yaro ya rubuta sunansa da yatsa. Farin fenti yana ɓoye ƙura amma yana nuna dattin hannu da miya da lalle. Launi matsakaici mai ɗan sheƙi, ko a fenti ko a folish, ya fi kowanne haƙuri. Fenti in ya ɓantare, tabon yana fitowa fili, sai dai gyaransa ciko ne da ɗan burushi. Karce a kan folish bai cika fitowa ba, ana iya ɓatar da shi da ɗigon kala, amma in aka bar banish ya tsattsage har ruwa ya shiga katako ya yi baƙi, sai an kankare duka. Da zarar ya fara dushewa a goge sama-sama a ƙara hannu ɗaya. Ka kuma tuna cewa ƙofar folish ana iya mayar da ita ta fenti kowane lokaci, da guga da firaima. Dawowa daga fenti zuwa folish kuwa wahala ce babba, domin farin yana maƙalewa cikin ramukan katako. Mai shakka a kan katako mai kyau ya fara da folish.

Akwai ƙofofin da muke kira na ciki alhali tsakar gida ko baranda suke kallo. Waɗannan rana da feshin ruwan sama suna samunsu. Hasken rana yana ratsa banish ya lalata saman katakon da ke ƙarƙashinsa, sai banish ɗin ya rasa abin riƙewa ya ɓare, musamman a ƙofar da ke kallon yamma. Launin da ke cikin fenti shi ke tare hasken. Irin waɗannan, da ƙofar banɗaki da ta kicin da ta sito, fenti ya fi dacewa da su ko da katakon mai kyau ne.

Ba dole ne gidan ya zama abu ɗaya ba. A ƙofofinka tara, abin da zan ba da shawara shi ne a zaɓi biyu ko uku da baƙo ke gani, ta falo da ta ɗakin maigida da ta uwargida, a tabbatar katakonsu na kirki ne, a yi musu folish yadda ya kamata. Sauran a yi musu fenti. Firam da siraran katakon gefe kusan kullum daga wani katako daban ake yin su, ga ramukan ƙusa birjik, ga tsaga tsakaninsu da filasta da sai an cike; fenti ne ke haɗa kansu. Ƙyaure mai folish a cikin farin firam yana da kyau ƙwarai, ya ma fi fito da katakon. Abin da ba ya kyau shi ne ƙyaure da firam duka folish amma launinsu ya kusa zama ɗaya bai zama ba. Bayan firam kuma a shafa masa firaima kafin a kafa shi, saboda ɗanyen siminti yana ba katako ruwa, kuma yana cin fentin mai.

Lokacin aiki: bayan filasta ta bushe, an gama silin da tayil da duk abin da ke tayar da ƙura. A share ɗaki ɗaya, a yayyafa ruwa kaɗan a ƙasa don ƙura ta kwanta, a yi shafin da safe. Ranar da hazo ya sauko ko ake ruwa, a haƙura da hannun ƙarshe. Bayan an rataye, kada a rufe ƙofa ruf har kwana biyu ko uku, in ba haka ba ta manne da firam ta ɓalle fenti. Cikakken tauri kuwa sai bayan mako biyu zuwa huɗu, kafin nan ba a wanke ta.

Sai maganar lafiya, musamman in da yara za a shiga. Wasu fentin mai, musamman ja da rawaya da kore, ana sa musu dalma. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ke goyon baya ita ce kada dalma ta wuce kashi 90 cikin miliyan. Mun ga abin da dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010, inda ɗaruruwa suka rasu. Can daga dutsen zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce, kuma yaro mai rarrafe yana kai ɓarɓashin fenti baki. A sayi fenti a rufaffen gwangwani mai sunan kamfani da bayanin cewa ba a sa dalma ba, a guji na awo da ake ɗurawa a gora. Mai feshi ya rufe hanci da abin da aka yi don tururin sinadari, ba ƙyalle ba, tagogi a buɗe, babu wuta ko janareta kusa. Tsummokaran da suka sha kala mai mai ko banish kada a dunƙule su a kusurwa, suna iya ɗaukar zafi su kama wuta da kansu; a baza su a waje su bushe ko a tsoma su a bokitin ruwa. Ragowar fenti da kala kuma a toshe su da kyau, a rubuta a jikin gwangwanin ƙofar da aka shafa da shi, don ranar da za a shigo da gado ya daki firam.